Kada Ka Ɗaura Laktayen da Na Saya Maka

Romi, Kaduna
Ranar Alhamis da hantsi

Luka ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ka sauka Abuja lafiya, gidan abokin naka bai matse ku ba, kuma kana cin abinci, ba biredi da ruwan leda kawai ba. Allah da ya fitar da kai daga gidan nan a kan ƙafafunka ya tsare ka a garin mutane, ya kau da idon mugu daga kanka. Amin.

Mamanka ce take magana, Malama Rifkatu maƙwabciyarmu take rubutawa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki kamar tana duba littafin 'yan firamare. Yayarka Saratu tana zaune a kan turmi tana jin mu, in hannun Malama ya gaji ita za ta karɓa. Ba zan ba ka labarin gida ba, kowa lafiya, har akuya. Abu ɗaya ne ya hana ni cin abinci tun jiya.

Koren laktayen nan mai ganye-ganye da na saya maka, wanda na sa ka durƙusa na ɗora hannu a kansa na yi addu'a, na kuma sa ka yi mini alkawari gaban Allah cewa shi za ka ɗaura ranar Litinin in za ka shiga intabiyu a kamfanin magungunan nan. Luka, kada ka ɗaura shi. Malama, ki sake rubutawa da manyan baƙi. KADA KA ƊAURA SHI.

Na kira ka jiya don in faɗa maka, kuka ya shaƙe ni, kai kuma ka tare ni da, "Mama ba komai, kada ki damu, ai ya yi kyau." Da na ji wannan "ya yi kyau" ɗin sai na tuna babanka. Shi ya sa na ce a yi takarda, don takarda ba za ka katse ta ba.

Ga abin da ya faru. Jiya na karɓi wayar Saratu na hau keke zuwa unguwar Television, wurin Baba Ishaya mai wanki da gugar kwat. Ba ka san shi sosai ba. Shi ne masinjan ofis a masaƙar da babanka ya yi aiki a Kakuri, da aka rufe ta ya buɗe shagon guga. Fariya na je yi masa, ba zan ɓoye ba. Na nuna masa hoton da aka ɗauke ka ranar tafiyarka, kana cikin shuɗin kwat ɗinka da laktayena a wuya, na ce ya ga ɗan Bitrus ya zama mutum.

Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu. Sai ya fashe da dariya har tari ya kama shi.

"Maman Saratu, wa ya rataya wa yaron nan wannan abin?"

Na ce, "Ni ce. A gwanjon Sabon Tasha na zaɓo da hannuna. Ganyen rama ne, don ya riƙa tuna gida."

Ya ce, "Rama? Wannan ba ramar da ake kwaɗo da ita ba ce. Ganyen wiwi ne, wanda ake sha ana hauka. Kuma kamfanin magani za ki tura shi da shi! Za su ɗauka samfur ya kawo musu."

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya miƙa wayar ga wata mata da ta zo karɓar kayan mijinta, ta duba, ta rufe baki da gefen zane. Ban san lokacin da na zauna a kan bencinsa ba.

Yana share hawayen dariya sai ya ce, "Ke dai har yau ba ki bar zaɓar laktaye ba, tun na Bitrus."

Na ce, "Wane na Bitrus?"

Ya kalle ni, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Au. Bai taɓa gaya miki ba?"

To ka saurara, Luka, in gaya maka abin da uwarka ta yi, wanda ita kanta sai jiya ta ji ƙarshensa.

Lokacin ina goyon Saratu, kai ko labarinka babu. Aka ce za a zaɓi hedman a sashen buga zane, aka kira mutum uku su zo gaban manya, har da babanka. Shuɗin kwat ɗaya yake da shi, na aurenmu, da laktaye ɗaya, ja mai duhu, wanda wani fasto ya ba shi. Saura kwana biyu na ce bari in yi abin kirki. Na jiƙa laktayen da garin sabulu, na cuɗa shi kamar tsumman goyo, na matse, na shanya a rana. Da na ɗauko, ya murɗe kamar igiyar rijiya, jan ya zuba, abin da ke cikinsa ya dunƙule wuri ɗaya.

Don haka kada ka taɓa sa laktaye a bokiti. In miya ta ɗiga, ka dangwala da jiƙaƙƙen ƙyalle a hankali, in ta ƙi fita ka kai wa masu sana'ar. In ka dawo gida ka kwance ƙullin, ka rataye shi, kada ka zare shi ta kai kamar zarge don ƙyuyar sake ɗaurawa. In kuma za ka ci tuwo da miyar kuɓewa, cire shi tukuna. Na san yadda kake cin kuɓewa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko, don ban faɗa masa ba. Tsoro ya kama ni, na cusa abin ƙarƙashin katifa. Na buɗe akwati na ga wani ƙyallen atamfa da babanka ya taɓa kawowa daga wurin aiki, ragowar wani anko, shuɗi da ruwan gwal, da hoton wata tsohuwa a tsakiyar furanni, rubutu yana bin gefe. Na ce wannan shuɗi, kwat ma shuɗi, ai 'yan gida ɗaya ne. Na kai wa tela na ce ya kauce wa fuskar tsohuwar, ya yanko inda furanni da rubutun suke. A idona rubutun ado ne. Gani nake zai sa mijina ya yi kama da masu ilimi.

Da safen ranar na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, na ga leɓensa yana motsi, yana karantawa. Ya ce, "Ina ɗayan?" Na fashe da kuka na faɗa masa. Motar ma'aikata tana ta hon a bakin titi, ba lokacin zuwa aro. Sai ya ce, "Ya yi kyau, Asabe." Ya ɗaura, ya ɓalla maɓallan kwat ɗin duka, ya ja gabansa ya rufe ƙirji, ya fita.

Baba Ishaya ne ya shiga da shayi ɗakin da aka yi ganawar, da idonsa ya gani. Ashe ƙyallen na ankon jana'izar mahaifiyar manaja ne, wanda masaƙa ta buga masa. Abin da yake kwance a ƙirjin babanka daga wuya zuwa ciki, sunan matar ne da addu'ar ta huta lafiya. Manajan kuma shi ne a tsakiyar tebur. Babanka yana zama kwat ya buɗe baki. Mutumin ya ƙura wa ƙirjinsa ido, bai ko kalli fuskarsa ba. Ya ce, "Bitrus, uwata ce ka yanka ka rataya a wuya? Wa ya yi maka wannan?"

Ka san me babanka ya ce? Ya ce, "Ni na zaɓa, oga. Ka yi haƙuri."

Ba su ƙara tambayarsa komai ba. Wani aka ba. Babanka kuwa ya ci gaba da tsayuwa a gaban inji yana shaƙar rini har ranar da aka sa wa ƙofar masaƙa kwaɗo. Da ya dawo gida ran nan na tarye shi a ƙofa, ya ce, "Allah bai yi ba." Na tambayi laktayen, ya ce ya faɗi a mota. Shekara da shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, har na rufe masa ido da hannuna, bai taɓa buɗe baki ba.

Malama ta ajiye biro tana cewa wai ba lallai ne laktaye ya hana shi ba, mai yiwuwa dama ba rabonsa ba ne. To, mai yiwuwa. Amma ko tambayarsa abin da ya iya ba a yi ba, Malama, kuma a sashen nan ba wanda ya kai shi sanin haɗa launi. Ɗauki bironki.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kada ka rataya wa wuyanka abin da yake da rubutu ko hoto, kowane iri, ko da hoton kurciya ne. Fuskarka ake so a kalla, bakinka ake so a ji. In kuma ka ɓata wani abu, a gida ko a ofis, ka faɗa a ranar, tun ana iya gyarawa. Da na buɗe baki kwana biyu kafin nan, layinmu kaɗai akwai malamin makaranta da ɗan kwayar coci da za su ara masa.

Yanzu za ka ga hannu ya canza. Malama ta ce yatsunta sun ƙage, Saratu ce ta karɓa. Ita ma na tsare ta jiya na ce, ke da kika yi makaranta ba ki gane ganyen ba? Ta sunkuyar da kai ta ce ta gane tun a tsakar gida, kai ne ka taka mata ƙafa ka ce ta yi shiru kada Mama ta ji kunya. Ku duka 'ya'yan ubanku ne. Tana cewa in gaya maka kai babban wawa ne, na ce ba za a sa wannan a wasiƙata ba, ta ce ta riga ta rubuta.

Da na gama kukana a shagon, na ce wa Baba Ishaya, tunda ka kashe ni sai ka binne ni, koya mini yadda ake yi. Ya sauko da kwat ɗin mutane daga rataye ya shimfiɗa a tebur. Na sa ya maimaita sau uku don in haddace, kamar ayar zumuntar mata.

Ya ce abu uku ne a ƙirjin namiji, kwat da shat da laktaye, kuma in dukansu suna ihu ba wanda za a ji. Ranar Litinin farar shat za ka sa, wadda ba ta da komai a jiki. Mai ruwan sararin saman nan da Saratu ta ba ka ita ma tana shiga da shuɗin kwat, amma ka ajiye ta sai an ɗauke ka. Mai layi-layin kuma, duk ranar da ka sa ta, laktayen ya zama sumul, ba layi ba ɗigo. Baƙar shat ɗin da kake zuwa bikin abokanka da ita, ka bar ta a ƙasan jaka.

Ya ce laktaye ya fi shat duhu ko yaushe. Ja mai duhu irin na zoɓon da ya jiƙu sosai, shi ne ya fi zama da shuɗi. Ruwan toka ma yana yi. In shuɗi kake so, to kada ya zama shuɗin kwat ɗin sak, ya fi shi duhu, da 'yan ɗigo ƙanana kamar gero. Na ce baƙi fa? Ya ce baƙin laktaye a kan farar shat, ko ɗaukar gawa za ka je ko raba abinci a hotal. Mai ƙyalƙyali irin na gwal kuma na ango ne, kai kuwa ko budurwa ba ka kawo mini ba.

Bakin laktayen ya sauko ya taɓa kan bel, kada ya tsaya a cibiya, kada ya wuce yana lilo. Maɓallin kwat na ƙasa ba a ɓalla shi, a buɗe ake barinsa. Takalmi da bel su zama launi ɗaya, in baƙi baƙi, in ruwan ƙasa ruwan ƙasa. Farar safar nan ta ƙwallo, in na ji ka sa ta, ni da kai ne.

Sauran kuma ba Baba Ishaya ya koya mini ba, a jikin babanka na koya, Allah ya ba shi ladan haƙuri.

Farar rigarsa ta zuwa coci, na taɓa ji an ce bula tana ƙara fari. Na ce in kaɗan tana ƙarawa, da yawa fa? Na juye rabin ƙullin a ruwa. Rigar ta fito nan fari nan shuɗi, kamar sama da damina. Haka ya sa ta ya karanta Littafi a gaban jama'a. Kai dai sabulu da ruwa mai kyau sun isa. Ka wanke fari shi kaɗai, ka cuɗa kwala da hannu, don nan ido yake fara sauka.

Da wandon kwat ɗinsa ya mutu a gwiwa, na shiga kasuwa na zaɓo masa wani a can ƙuryar shago, inda fitila ɗaya ce. Na rantse wa mai shagon launinsu ɗaya. Ranar Lahadi muna fitowa rana, sama shuɗi, ƙasa baƙi ƙirin, kamar mutum biyu aka haɗa. Saboda haka ranar Lahadi da rana, ba da fitila ba, ka shimfiɗa kwat a kan gado kusa da taga, ka sa shat a ciki, ka ɗora laktaye, ka ja da baya ka duba. Kuma kada ka riƙa yawo da wandon kwat shi kaɗai, zai koɗe ya bar ɗan'uwansa.

Guga ma na yi ɓarna. Na ɗora dutsen gawayi da zafinsa kai tsaye a kafaɗar kwat ɗin, wurin ya yi sheƙi kamar sanƙo, bai ƙara komawa ba. Ka jiƙa hankici ka shimfiɗa a tsakani kafin ka ɗora dutse. Laktaye kuwa kada dutse ya taɓa shi.

Duk waɗannan, Luka, ka san abin da babanka yake cewa? "Ya yi kyau, Asabe." Ni kuma ina ta jin daɗi, ina gaya wa mata a zumunta cewa mijina ba ya kushe hannuna. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba, kuma ban san inda zan samu bakin gode masa ba yanzu da ba ya nan. Amma tun jiya ina jin haushinsa kaɗan, Allah ya gafarta mini. Da ya ce mini, Asabe, wannan zanen gawa ne, da na yi kuka na kwana ɗaya na warke, da kuma ban tsufa ina maimaita abu ɗaya a kan ɗansa ba. Ya rufa mini asiri, sai ya bar ni cikin duhu har furfura.

Kada ka yi mini haka. Ban yi makaranta ba, idona ma yanzu hazo-hazo yake gani, amma ni ba ƙwai ba ce da zan fashe. In na kawo maka abin da bai dace ba, ka ce, Mama, na gode, amma wannan ba zai yi ba. Zan ɓata rai, zan ce ilimi ya sa ka raina ni, zan ƙi cin abinci har yamma. Ka ƙyale ni, zan huce. Gara in ji kunya a ɗakina da ka je ka ji ta a gaban mutanen da abincinka yake hannunsu. Ranar da ka yi aure ma, haka za ka yi wa matarka, da murya mai taushi, amma ka faɗa.

Na san abin da yake ranka. Kana cewa ka yi alkawari gaban Allah, za ka ɗaura ka ja kwat ka rufe, ba wanda zai lura. Kwat yana buɗewa in mutum ya zauna, ɗana. An gwada.

To ka ji. Alkawarin nan ni na ɗaura maka, ni kuma na kwance. Malama Rifkatu shaida ce, Saratu shaida ce. Yau da safe na durƙusa na gaya wa Allah cewa ni ce na yi garaje, kada ya tambayi yaro. Addu'ar da na yi ranar nan ba ƙyalle na yi wa ba, kai na yi wa, tana nan tare da kai ko me ka ɗaura.

Mijin Saratu zai shigo Abuja gobe Juma'a da motar kaya, shi zai kawo maka takardar nan da wata 'yar leda. Akwai laktaye a ciki. Kada gabanka ya faɗi, ba ni na zaɓa ba. Baba Ishaya ya rufe shagonsa ya raka ni kasuwa, na tsaya a baya na riƙe jaka, ban ce uffan ba. Ya fito da shi rana, ya juya gaba da baya, ya tabbatar ba rubutu ba hoto. Da ya miƙo mini sai na ga ja ne mai duhu, irin wanda na lalata wa babanka sak. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina hawaye, masu keke suna ta yi mini hon.

Shi ma in ka shimfiɗa a kan gado ka ga bai yi ba, kada ka sa don ni. Ka tambayi abokinka da ya riga ka shiga ofis.

Koren kuma kada ka yar a garin mutane, wani ya tsinta ya shiga uku. Ka ba mijin Saratu ya dawo mini da shi, bakin buhun masarata yana neman igiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Litinin kafin ka shiga, ka sa wani ya ɗauke ka hoto ka turo wa Saratu. Ka buɗe kwat ɗin a hoton, gaba ɗaya, in ga ƙirjinka tun daga wuya har bel. Kada ka ce mini ya yi kyau. Ni zan kai wa Baba Ishaya ya duba.

Ubangiji ya shiga gabanka, ya buɗe bakinka, ya sa su kalli fuskarka su ji abin da ka iya. Ya ba ka abin da bai ba babanka ba. In kuma ba a nan rabonka yake ba, ya dawo mini da kai lafiya, ƙofa a buɗe take, tuwo yana wuta. Ya kiyaye fitarka da shigarka, ya raba ka da hatsarin hanya da mugun aboki. Malama tana gaishe ka. Saratu ta ce ba ta gaishe ka ba, amma ƙarya take yi.

Ga yatsana a ƙasa don ka san bakina ne. Ba mu da tawada, da bula na dangwala. Yau dai ta yi amfani.

Mamanka,
Asabe Bitrus